Faɗuwa Ta Zo Daidai Da Zama: Ɗan Ƙwallo, Alƙali Da Bugun Fenariti

A garin Jalingo, daga Sabon Gari zuwa Magami, daga Mayo-Gwoi zuwa Mil Shida, da wuya ka ratsa unguwa ranar Asabar ko Lahadi da yamma ba ka ji ƙarar janareta da ihun samari daga wata rumfar kwano ba. Gidan kallon ƙwallo ke nan. In kuwa ka ji ihun ya rikiɗe ya koma gardama, har ana miƙewa tsaye ana nuna juna da yatsa, to mafi yawan lokaci fenariti aka bayar, ko kuma aka hana. Rabin gidan na rantsuwa cewa an kwashe ƙafar ɗan wasa, ɗaya rabin na rantsuwa cewa faɗuwar ƙarya ce, wadda samari ke kira daibin. Abin mamaki shi ne duk akwatin talabijin ɗaya suke kallo, kuma an maimaita musu hoton sau uku ko huɗu a hankali.

A kan wannan faɗuwa nake so in ɗan ja hankalin mai karatu. Ra'ayina tun daga farko shi ne faɗuwar ƙarya ha'inci ce, ba gwaninta ba. Amma ban yarda da masu ɗora wa ɗan wasa laifin gaba ɗaya ba, domin shi ɗan wasa yana faɗuwa ne saboda an daɗe ana nuna masa cewa tsayuwa ba ta biya. Masu nuna masa ɗin kuwa su ne alƙalin wasa da hukumomin ƙwallo, da kuma mu 'yan kallo.

Bari mu fara da lissafi, irin na ɗan tireda. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai rowar ci, domin a manyan gasanni da ƙyar ake samun ƙwallo uku a raga in aka yi kintace a kan kowane wasa. Sau da yawa ci ɗaya tak ke raba gardama. Shi kuwa bugun fenariti, wato bugun daga kai sai mai tsaron gida, daga yadi 12 ake yin sa, kuma kusan uku cikin kowane huɗu suna shiga raga. To ga ɗan gaba ya shiga yadi na 18, ƙwallo ta yi masa nisa ko an tura shi gefe inda ba shi da hanyar ci, sai ya ji ƙafar ɗan baya ta gifta kusa da tasa. In ya dage ya tsaya, ƙwallo ta fita waje, shi ke nan. In ya zube, ko dai a ba shi fenariti, ko alƙali ya kau da kai, ko kuma in abin ya yi muni a nuna masa katin gargaɗi, wanda shi ne iyakar abin da doka ta tanada. Riba ƙwallo a raga, hasara kati ɗaya. Wane ɗan kasuwa ne zai ƙi wannan ciniki? Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Wani abin dariya kuma shi ne, shi kansa fenaritin an ƙirƙiro shi ne don maganin masu maguɗi. Wani mai tsaron gida ɗan ƙasar Ayilan mai suna William McCrum ne ya kawo shawarar, aka shigar da ita cikin dokokin wasa a 1891, saboda 'yan baya sun maida kwashe ƙafa da tare ƙwallo da hannu a bakin raga abin yi. A lokacin wasu sun ɗauki dokar a matsayin cin mutunci, wai ai mutumin kirki ba zai yi ƙeta da gangan ba. Har an ruwaito cewa 'yan kulob ɗin Corinthian na Landan, in aka ba da fenariti a kansu, golansu yakan koma jikin turke ya tsaya, in kuwa su aka ba, sai su buga ta waje. Dokar da aka kafa don ta hana ɗan baya zamba, ita ce yau ta buɗe wa ɗan gaba tasa ƙofar zambar.

Mu da muke nazarin Hausa ya kamata wannan al'amari ya fi ɗaure mana kai, domin in muka duba wasanninmu na gargajiya za mu ga babu ko ɗaya da ake biyan mutum don ya faɗi. A dambe, da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, sai a ce an yi kisa, wasa ya ƙare. A kokawa kuwa, kaye shi ne abin gudu, har ɗan kokawa yakan yi ta tangaɗi da ƙafa ɗaya don kada ya kai ƙasa. Ko langa da yara ke yi a dandali, wanda ya faɗi ya fita. In muka leƙa wajen maƙwabtanmu Fulani, waɗanda ƙasar Muri ba ta rasa su ba, a sharo saurayi ake tsula wa bulala a ƙirji yana riƙe da madubi yana murmushi, don kada a ga alamar zafi a fuskarsa. Duk waɗannan wasanni tarbiyya ɗaya suke koyarwa, wato ka tsaya da ƙafarka kuma ka ɓoye ciwonka. Sai ga ƙwallon ƙafa ta zo da akasin haka: ka faɗi ko ba a ture ka ba, ka yi birgima ko ba ka ji ciwo ba. A gasar Kofin Duniya ta 2002 duk duniya ta ga Rivaldo na Barazil, lokacin da Hakan Unsal na Turkiyya ya buga masa ƙwallo a cinya, shi kuwa ya dafe fuska ya zube kamar an soke masa ido. An kori Unsal daga fili, shi Rivaldo tara kawai hukumar FIFA ta ci shi, ya ci gaba da wasa har suka ɗauki kofin. A filin sharo, da wace fuska irin wannan saurayi zai koma ruga?

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha jin sa a gidan kallo: ai ƙwallo wayo ce, wanda ba shi da wayo ya koma gona. A nan ne nake ganin an cakuɗa kalmomi. Ni ba da Hausa aka yi mini tawai a goye ba, a kasuwa da makaranta na tsince ta, watakila shi ya sa nake tsayawa a kan kalmar da ɗan gado zai wuce ba tare da ya waiwaya ba. Hausa tana da wayo, tana da dabara, tana da hikima, sannan a ɗaya gefen tana da zamba da maguɗi da ha'inci da algus. Ba a banza harshe ya raba su ba. Lallai akwai yaudara a cikin ƙwallo, kuma ita ce ma daɗin wasan. A 1993, lokacin da Jay-Jay Okocha yake Eintracht Frankfurt, ya yi ta yanka Oliver Kahn da 'yan bayan Karlsruhe, ya nuna zai buga ya fasa, ya sake nunawa ya fasa, har sai da suka tarwatse sannan ya jefa ta raga. Yaudara ce tsantsa, amma wa ya yaudara? Abokin karawarsa, wanda ya shigo fili da sanin za a yaudare shi, kuma shi ma yana da damar ya rama. Wannan ita ce dabara. Mai faɗuwar ƙarya kuwa ba ɗan baya yake yaudara ba, domin ɗan bayan ya fi kowa sanin bai taɓa shi ba. Alƙali yake yi wa ƙarya, don alƙalin ya hukunta wanda bai yi laifi ba. A kotu sunan wannan shaidar zur. Ko Gizo na tatsuniya, da muke dariyar yadda yake damfarar kura da zaki, ba mu taɓa jin tsohuwa ta ce wa jikokinta su tashi su zama Gizo ba. A laccar da A.H.M. Kirk-Greene ya gabatar kan mutumin kirki a wajen Hausawa, wadda aka buga a 1974, gaskiya da amana da kunya suna cikin siffofin da ya lissafa, wayo ba ya ciki.

Duk da haka, adalci ne a faɗi cewa ba kowace faɗuwa ce ƙarya ba. Mutumin da ke sheƙa gudu, ɗan shafa kaɗan a diddige ya isa ya kifar da shi, abin da hoton da aka rage wa sauri ba ya nunawa. Akwai kuma mai tsalle don tsira da ƙafarsa. Eduardo na Arsenal an karya masa ƙafa mummunar karaya a Birmingham a watan Fabrairu na 2008. Da ya warke, a watan Agusta na 2009 ya faɗi a gaban golan Celtic aka ba shi fenariti, hukumar UEFA ta dakatar da shi wasa biyu, daga baya kuma ta janye hukuncin da aka ɗaukaka ƙara. Ni a ganina faɗuwar tasa ba ta da kyan gani, amma wanda aka taɓa karyawa ba a yi masa dariya in ya ga ƙafa ta nufo shi ya yi sama. Haka kuma 'yan baya ba waliyyai ba ne. Suna jan riga, suna riƙe ƙugu a lokacin bugun kusurwa, suna ɗaga hannu su nemi jifa alhali sun san daga ƙafarsu ƙwallo ta fita, kuma ba wanda ke kiran su maƙaryata. A Ingila an daɗe ana cewa baƙi ne suka kawo wannan ɗabi'a, sai ga Michael Owen a 2012 ya amsa da bakinsa cewa a fenariti biyun da ya samo wa ƙasarsa a kan Ajantina, a 1998 da 2002, an taɓa shi amma da ya so da ya tsaya.

Wannan magana ta Owen ita ce gindin matsalar. An taɓa shi, zai iya tsayawa, amma ya san in ya tsaya ba za a busa ba. A rubuce, doka ba ta ce sai mutum ya faɗi sannan ƙeta ta zama ƙeta ba. A aikace kuwa, sau nawa mai karatu ya ga an ja rigar ɗan wasa a yadi na 18, ya yi tangal-tangal ya dage ya buga a karkace, sannan alƙali ya dawo ya ba shi fenariti? Da wuya. Alƙalai sun saba karanta jikin ɗan wasa maimakon karanta abin da aka yi masa. Mu 'yan Najeriya mun ɗanɗani wannan ta wata fuskar da ba za mu manta ba. Ranar 13 ga Fabrairu, 2000, a babban filin wasa na Legas, an tashi 2-2 tsakanin Najeriya da Kamaru a wasan ƙarshe na Kofin Nahiyar Afirka, aka tafi bugun fenariti. Victor Ikpeba ya buga, ƙwallo ta daki turken sama ta sauka a bayan layi, sannan ta fito. Hoton talabijin ya nuna ta shiga. Amma shi Ikpeba sai ya ɗora hannu a ka, alƙali Mourad Daami ɗan Tunisiya ya ce ba ci, Rigobert Song ya zo ya buga tasa, Kamaru ta ɗauki kofi da 4-3. Har yau manya a gidan kallo suna cewa da Ikpeba ya ruga da gudu yana murna da an ba da ƙwallon. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, dubi darasin da yaro zai ɗauka daga wannan zance: ba abin da ya faru ne ke ba ka haƙƙinka ba, yadda ka nuna shi ne.

Sai a ce to ɗan wasa ya riƙa faɗin gaskiya mana. An gwada. A watan Maris na 1997, a filin Highbury, Robbie Fowler na Liverpool ya faɗi a gaban golan Arsenal David Seaman, alƙali Gerald Ashby ya nuna fenariti. Fowler ya miƙe yana kaɗa hannu yana nuna wa alƙali cewa ba a taɓa shi ba. Alƙali ya ƙi sauya hukunci. Fowler ya buga, Seaman ya tare, Jason McAteer ya bi ta ya ci, Liverpool ta yi nasara da 2-1. An yaba wa Fowler, har UEFA ta aiko masa da takardar yabo, amma gaskiyar tasa ba ta mayar wa Arsenal komai ba. Kwatanta wannan da abin da ya faru da namu Nwankwo Kanu a wasansa na farko a Arsenal, a watan Fabrairu na 1999, a gasar Kofin FA. Golan Sheffield United ya fitar da ƙwallo waje don a duba ɗan wasansu da ya ji rauni. Da aka yi jifa don a mayar musu da ita kamar yadda aka saba, sai Kanu, wanda bai fahimci abin da ake ciki ba, ya bi ta ya miƙa wa Marc Overmars ya ci. Bisa doka ƙwallo ce halattacciya. Amma ana tashi kociya Arsene Wenger ya nemi a sake wasan, hukumar ƙwallon Ingila ta amince, aka sake, Arsenal ta kuma cin 2-1. Bambancin labaran nan biyu a fili yake. A na farko mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya, babu wanda ya tallafe ta, sai ta faɗi ƙasa. A na biyu shugaba ne ya ɗauke ta, hukuma ta karɓa, sai ta yi aiki. Saboda haka masu yi wa 'yan wasa wa'azi su ɗan juya su fuskanci masu riƙe da usur da masu zama a ofis.

Sannan ga mu, 'yan kallo. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma ban san inda karin maganar nan ya fi zama daram ba kamar gidan kallon ƙwallo. Magoya bayan Arsenal, waɗanda Kanu ya tara wa kulob ɗin da yawa a ƙasar nan, har gobe suna tsine wa Wayne Rooney saboda faɗuwar da ya yi kusa da ƙafar Sol Campbell a Old Trafford a watan Oktoba na 2004, wadda ta jawo fenaritin da ya kawo ƙarshen wasa 49 da suka yi ba a doke su ba. Amma ka tambaye su Robert Pires, wanda a watan Satumba na 2003 ya je ya nemi ƙafar ɗan bayan Portsmouth ya zube, Thierry Henry ya ci fenaritin aka tashi 1-1. Ba don wannan ba, watakila da tarihin da suke alfahari da shi ya mutu tun yana jariri. Nan take za ka ji an ce ai wannan ƙwarewa ce. 'Yan Chelsea su ma a 2017, a wasan ƙarshe na Kofin FA, da alƙali Anthony Taylor ya ba Victor Moses kati na biyu saboda faɗuwar ƙarya ya kore shi, da yawa a nan sun ce don baƙar fata ne, alhali hoton bai bar wa kowa abin faɗa ba. Bayan shekara ɗaya, a Rasha, shi dai Moses ɗin ne ya ci mana fenariti a kan Ajantina bayan Javier Mascherano ya riƙe Leon Balogun. 'Yan Ajantina suka ce riƙon bai kai a busa ba, mu muka ce ya kai har ya wuce. Can kusa da tashi ƙwallo ta sauka a hannun Marcos Rojo bayan ya sa mata kai, alƙali Cuneyt Cakir ya je ya duba hoto ya ce ba komai, sai muka koma kuka, su suka koma cewa alƙali ya yi daidai. Minti 90 ɗaya, kowane ɓangare ya sauya mazhaba sau biyu.

Duk wannan na Turai ne, inda kyamara ta fi 'yan wasa yawa. A gida matsalar ta fi haka nauyi, domin a nan ba ƙaryar ɗan wasa kaɗai alƙali ke fama da ita ba, har da tsoron abin da zai same shi bayan an tashi. Mutanen Jalingo sun ga gasar Firimiyar Najeriya da idonsu a filin wasa na Jolly Nyame, lokacin da FC Taraba ta hau a ƙarshen 2013, ta buga kakar 2014 da ta 2015 kafin ta sauka. Duk wanda ya bi gasar a waɗannan shekaru ya san ƙa'idar da ba a rubuta ba a faɗin ƙasar nan, wato mai gida ba ya faɗuwa a gidansa, baƙo kuwa in ya samu kunnen doki sai ya yi sadaka. Kuma ya san irin fenaritin da ake yi wa laƙabi da na mai gida, wanda yakan zo ana dab da tashi. Kano Pillars ta yi shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a ci ta a gida ba a gasar, sai da Nasarawa United ta je ta karya tarihin da 2-1. Ba ina cewa Pillars ba ta da 'yan wasa ba ne, ai kulob ɗin da ya ɗauki kofi sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014 ba a raina shi. Abin da nake cewa shi ne, a gasar da cin wasa a waje ya zama labarin jarida, ɗan wasan gida ya san in ya faɗi akwai dubban baki da za su taya shi rantsuwa, ɗan wasan waje kuma ya san ko an sare shi da gatari sai dai ya tashi ya kakkaɓe.

In kuma alƙali ya busa abin da jama'a ba sa so, kowa ya san sauran. A watan Yuni na 2019, a filin Agege da ke Legas, a wasannin fitar da zakara, Pillars tana gaban Enugu Rangers da ci ɗaya sai aka ba Rangers fenariti ana dab da tashi, aka tashi 1-1. Magoya baya suka ɓarke cikin fili suka bi alƙali, hukumar gasar ta ci kulob ɗin tara, ta kuma dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. Mutumin da ya san irin wannan na iya faruwa da shi, kuma ya san motar da za ta fitar da shi daga gari sai ta ratsa cikin mutanen nan, ta yaya za a ce ya auna faɗuwa da ma'aunin gaskiya? Ga kuma 'yan wasan kulob-kulob na jihohi da aka sha jin suna bin bashin albashi na watanni, waɗanda ɗan kuɗin da ake ba su in sun ci wasa shi ne abincin gidansu. Cewa irin wannan yaro ya tsaya da ƙafarsa saboda mutunci abu ne mai sauƙin faɗa ga wanda ya ƙoshi. Inda aka maida sakamako shi ne komai kuwa, mun ga iyakar tafiyar a Bauchi a watan Yuli na 2013, ranar da Plateau United Feeders ta ci Akurba 79-0, ita kuma Police Machine ta Adamawa, 'yan uwanmu na tsohuwar jihar Gongola, ta ci Bubayaro ta Gombe 67-0, duk don neman hawa mataki na gaba da yawan ƙwallaye. Hukumar NFF ta haramta wa 'yan wasan ƙwallo har abada, kulob ɗin huɗu kuma shekara 10.

Wasu na ganin na'urar VAR ta gama magance matsalar. Ta rage, ban musa ba. Ranar 7 ga Fabrairu, 2024, a garin Bouake na Kwaddibuwa, Victor Osimhen ya ci Afirka ta Kudu ƙwallo ta biyu muna ta tsalle, sai alƙali Amin Omar ɗan Masar ya je ya duba hoto, ya soke ƙwallon, ya koma can ɗaya ragar ya ba su fenariti saboda ƙetar da Alhassan Yusuf, ɗan Kano, ya yi wa Percy Tau tun kafin a kawo harin. Ya yi mana ciwo, amma da aka maimaita hoton mafi yawanmu mun yi shiru, kuma Allah Ya taimake mu Stanley Nwabali ya tare biyu a bugun raba gardama. Sai dai na'urar tambaya ɗaya ta fi iya amsawa, wato an taɓa shi ko ba a taɓa shi ba. 'Yan wasa kuwa sun gane haka, shi ya sa yanzu ba sa faɗuwa a fili kamar da, sai su bar ƙafa a baya tana jan ƙasa har ta sami ta ɗan baya. An taɓa shi? An taɓa. Wa ya nemi taɓawar? Wannan kuma hoto ba ya rantsuwa a kai. Balle mu da gasarmu ta kai har kakar 2024/2025 ba ta da na'urar.

Abin da nake ganin za a iya yi ba ya buƙatar kuɗin Turai. A 2017 hukumar ƙwallon Ingila ta fara hukunta wanda ya yaudari alƙali bayan an tashi wasa, ta hanyar duba hoto, kuma Oumar Niasse ɗan Senegal na Everton ne ɗan Firimiya na farko da aka dakatar wasa biyu, saboda fenaritin da ya samo a kan Crystal Palace a watan Nuwamba na shekarar. Wannan kyamara ɗaya ko biyu da kwamiti mai tsoron Allah kawai yake nema, kuma yana sauya lissafin ɗan tiredan nan da muka yi a baya, tunda hasarar ta tashi daga kati ɗaya ta koma zaman benci. Tsaron alƙali da kuɗin sallamarsa kuma kada su rataya a wuyan kulob mai masaukin baƙi, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Amma wanda ya fi duka, kuma wanda ko a gasar tsakanin sassa ta jami'a ko ta unguwanni a filin firamare za a iya fara shi gobe, shi ne alƙali ya koyi busa wa wanda aka yi wa ƙeta bai faɗi ba. A bar shi ya gwada bugunsa, in riƙon da aka yi masa ya hana shi ci, a dawo a ba shi fenaritinsa, doka ta yarda da haka. Ranar farko da alƙali zai yi wannan a Jalingo za a yi masa ca, a ce ai yaron ko faɗuwa bai yi ba. Sai ya sa mai horar da 'yan wasan kowane ɓangare ya sanar da yaransa tun kafin a take ƙwallo, don kada wani ya ce ba a gaya masa ba.